Fashin Baƙi: Me Ya Kawo MAX232 Tsakanin Maikirokwantirola da Inbata, Kuma Yaya Ake Haɗa Shi?

Tambayar da ke yawo tsakanin masu haɗa sola, ɗalibai masu aikin kammala karatu da masu gyaran kayan lantarki a Jos ita ce: tunda maikirokwantirola tana da ƙafar aika saƙo da ta karɓa, inbata da sikelin awo da kwamfuta su ma suna da nasu, me zai hana a ja waya uku a haɗa su kai tsaye? Me ya kawo wani ɗan aisi (wato IC, ƙaramin guntun lantarki) mai ƙafa 16 da ake kira MAX232 a tsakani? In kuma an sa shi, me ya sa na wani yake aiki lafiya lau, na wani kuwa ya ɗau zafi har ya ƙona yatsa?

Maganar ta ƙara ƙarfi ne bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, lokacin da yunit ɗaya ya koma naira 225. Gidaje da shaguna daga Rikkos har Bukuru sun koma sola, kuma mai gida yana so ya duba ƙarfin batirinsa a waya yana zaune a kasuwa. Matasa suka hango abinci a nan: a ɗauki ƙaramin allo irin ESP32, a jona shi da ramin sadarwa na inbata, ya riƙa tura bayani ta intanet. Tunanin mai kyau ne. Sai dai alluna da yawa sun ƙone a hanya, kuma kusan kullum mai sayar da kaya ake ɗora wa laifi.

Tsari ɗaya, wuta daban

Maikirokwantirola ƙaramar kwamfuta ce a cikin aisi guda, irin ATmega328P da ke kan Arduino Uno, ko PIC16F877A, ko AT89S52 na dangin 8051. A cikin kowacce akwai sashe mai suna UART da ke jera bayani a kan waya ɗaya, bit na bin bit, kowane bit kuwa 1 ne ko 0. Ƙafar TX ke fitarwa, ƙafar RX ke karɓa. Da wutar da take ci take magana: bolt 5 na nufin 1, sifili na nufin 0. A ESP32 da Raspberry Pi kuwa bolt 3.3 ne ke nufin 1.

Inbata, sikelin awo da kwamfuta kuwa da RS-232 suke magana. RS-232 ƙa'ida ce da ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar a 1960, tun ba a ƙera maikirokwantirola ba, don haɗa na'urorin buga saƙo da modem. A wannan ƙa'ida, 1 wuta ce nagatif, tsakanin bolt 3 da 15 ƙasa da sifili, 0 kuma wuta ce fozitif tsakanin bolt 3 da 15. Abin da ya faɗo tsakanin biyun ba shi da hukunci. An bar wannan tazara mai faɗi ne saboda doguwar waya tana kwasar hayaniyar lantarki a hanya.

Ke nan bambancin biyu ne, kuma mutane sun fi lura da na farko su manta da na biyu. Na farko ƙarfin wuta. Na biyu, a juye suke. Mu ɗauki harafin A, wanda lambarsa 65 ce, wato 01000001. Kafin a fara magana, ƙafar TX ta maikirokwantirola tana zaune a bolt 5. Sai ta faɗi zuwa sifili na tsawon bit ɗaya, alamar farawa ke nan, sannan bit takwas su biyo baya daga na ƙarshen dama, sannan ta koma bolt 5 alamar tsayawa. A ɓangaren RS-232, wannan harafin dai zai tarar da waya a zaune wajen bolt 9 nagatif, ta yi tsalle zuwa bolt 9 fozitif a matsayin alamar farawa. Jerin bit ɗin bai sauya ba, lokacinsu bai sauya ba, amma duk inda wancan ya hau, wannan sauka yake yi.

Wanda ya haɗa su kai tsaye, abu biyu ne ke jiransa. Takardar bayanin ATmega328P ta ce kada wutar da ke kan ƙafa ta wuce rabin bolt ƙasa da sifili, ko rabin bolt sama da wutar da aisin ke ci. Bolt 9 nagatif ya zarce haka nesa ba kusa ba. Akwai ƙananan dayod na kariya a ciki, shi ya sa wani zai rantse maka cewa ya haɗa kuma bai ƙone ba. Gaskiyarsa, dayod ɗin ne ke shan wahala a madadinsa, kuma ba a yi su don ɗaukar wannan nauyin kullum ba. Ko da ƙafar ta tsira, abin da zai fito a allon kwamfuta tarkacen haruffa ne, domin saƙon a kife ya iso.

Inda bolt 10 ke fitowa daga bolt 5

Aikin MAX232 shi ne ya tsaya a tsakani, ya sauya ƙarfin wutar ya kuma juya saƙon. Kafin zuwansa, aisi biyu ake sawa, MC1488 don aikawa da MC1489 don karɓa, kuma na aikawar sai an tanadar masa wuta fozitif da nagatif daban, galibi bolt 12 kowacce. Daga baya kamfanin Maxim ya fito da MAX232, wanda ke ƙirƙirar waɗannan wutar da kansa daga bolt 5 kaɗai. Kamfanin Analog Devices ya saye Maxim a 2021, Texas Instruments ma na ƙera aisin da wannan suna, ga kuma masu kwaikwayo birjik.

Dabarar tana cikin kafasitocin da ake jera masa a gefe. A cikin aisin akwai makunnai da ke buɗewa suna rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Su cika kafasita ta farko da bolt 5, sannan su ɗora ta a kan bolt 5 na asali, kamar yadda batir biyu ke hawa kan juna a cikin tocila, sai a samu bolt 10. Daga nan su cika kafasita ta biyu da wannan bolt 10, su kifar da ita, sai a samu bolt 10 nagatif. Sauran kafasitoci biyun ma'ajiya ce, suna riƙe wutar kada ta yi rawa. A aikace mitar awon wuta ba za ta nuna 10 cif ba, za ka ga tsakanin 8 da 10, kuma hakan ya wadatar.

Wannan ne ya sa kafasitocin ba ado ba ne. Ɗaya ta ɓace ko ta juye, aisin ba shi da wutar da zai yi magana da ita.

Ƙafa da ƙafa

A ɗora aisin a kan allon gwaji, ɗan tsagin da ke kansa yana kallon sama. Ƙafa ta 1 ita ce ta sama a hagu, a gangara zuwa ta 8, a tsallaka dama daga ƙasa a hau daga ta 9 zuwa ta 16. Ta 16 ke karɓar bolt 5, ta 15 ita ce giraun, wato wayar sifili. Tsakanin waɗannan biyun a sa kafasita, a matso da ita jikin aisin sosai, don makunnan ciki suna fizgar wuta ne da sauri.

Kafasita ta farko tana tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3, fozitif ɗinta a ta 1. Ta biyu tsakanin ta 4 da ta 5, fozitif a ta 4. Ta uku, fozitif ɗinta a ƙafa ta 2, ɗaya ƙafar ta tafi bolt 5. Ta huɗu ita ce ke kayar da mutane: tana tsakanin ƙafa ta 6 da giraun, amma fozitif ɗinta ne ke zuwa giraun, nagatif ɗin ya zauna a ƙafa ta 6. Hannun mai gyara ya saba kai zanen nagatif zuwa giraun ba tare da tunani ba, kuma a yawancin wurare hakan daidai ne, amma ba a nan ba. Ƙafa ta 6 tana ƙasa da sifili, don haka giraun ne ya fi ta tudu.

Girman kafasita ya danganta da harafin da ke bin sunan. MAX232 na asali maikirofarad 1 yake so. MAX232A ya wadatu da 0.1, wato 'yar ƙaramar nan mai lamba 104 a jiki. Mai lamba 105 ita ce maikirofarad 1. Waɗannan ƙananan na yumɓu ba su da fozitif ko nagatif, don haka wanda ya yi aiki da su ya huta da fargabar juyewa, kuma ni su nake bai wa mai koyo shawarar ya nema.

Saura ƙafafun saƙo. Ƙofa huɗu gare shi, biyu na fita biyu na shiga, amma yawancin aiki ɗaya-ɗaya ake buƙata. TX na maikirokwantirola ya shiga ƙafa ta 11, ya fito a ta 14 da wutar RS-232. Saƙon da ke zuwa daga waje ya shiga ta 13, ya fito a ta 12 ya tafi RX. A PIC16F877A mai ƙafa 40, TX ita ce ƙafa ta 25, RX ta 26. A 8051, RX ce ta 10, TX ta 11. A ATmega328P mai ƙafa 28, RX ta 2, TX ta 3, waɗanda a kan Arduino Uno aka rubuta musu 0 da 1. Mai Uno ya sani cewa waɗannan ƙafafun biyu su ne hanyar da kebul ɗin USB ke bi wajen loda manhaja, don haka in MAX232 na jone da ƙafa 0, lodin kan ƙi shiga sai an zare wayar.

Abin kiyayewa ɗaya ne: 11 da 12 na ɗaki ne, 13 da 14 na waje ne. Duk ranar da ƙafa ta 14 ta taɓa maikirokwantirola, an yi abin da aka sayo aisin don a kauce masa.

Wa ke magana, wa ke sauraro

A soket mai ƙafa tara da ake kira DB9, na bayan kwamfuta namiji ne: ƙafa ta 2 karɓa take, ta 3 aikawa, ta 5 giraun. Allon da zai yi magana da kwamfuta sai a sa masa soket mace, ƙafa ta 14 ta MAX232 ta tafi ta 2, ta 13 ta tafi ta 3, a haɗa da kebul miƙaƙƙe. Amma in na'urori biyun duk tsarin kwamfuta gare su, sai kebul mai giciye, wanda ta 2 ta wannan ke zuwa ta 3 ta wancan. Waɗanda suka yi zamanin loda manhaja a risibar dish ta Strong sun san wannan kebul ɗin. A ido ba ka bambanta shi da miƙaƙƙen, sai an auna.

Ba sai an yi canki-canki ba. Ƙafar da ke aikawa a RS-232 tana zaune ne a wuta nagatif in ba ta magana. A kunna na'urar, a sa baƙin tsinken mita a ƙafa ta 5, a taɓa ta 2 da ta 3 da jan. Wadda ta nuna nagatif, bolt 5 ko fiye, ita ce bakin na'urar, ita za ta tafi ƙafa ta 13. Wadda ta tsaya wajen sifili ita ce kunnenta. In kuwa mita ta nuna bolt 3.3 ko 5 fozitif a zaune, to wannan ramin ba RS-232 ba ne, kuma MAX232 ba shi da aiki a wurin. Awon nan bai kai minti ɗaya ba, kuma a ganina shi ya kamata a fara koya wa ɗalibi kafin a miƙa masa zanen haɗi.

Giraun kuma dole ya zama ɗaya. Na maikirokwantirola, ƙafa ta 15 da ƙafa ta 5 ta soket duk a ɗaure su wuri guda, domin kowane bolt da aka ambata a sama daga giraun ake auna shi.

Jabu ne ko haɗi ne?

A nan ne ake ja-in-ja a shagunan Dilimi da Terminus. Yaro zai dawo da aisi a hannu ya ce, "Oga, wannan jabu ne, zafi yake yi." Mai shago ya ce, "Ka auna ƙafa ta biyu da ta shida kafin ka zo?" Kowannensu na da abin riƙewa.

Masu cewa jabu ne ba ƙarya suke ba. Akwai aisi na kwaikwayo a kasuwa, musamman a kan ƙananan alluna masu arha da aka rubuta wa MAX3232, kuma an san wasunsu da ɗaukar zafi in saƙo ya shigo musu daga waje kafin a ba su wuta. Amma kafin a yanke hukunci, akwai abin dubawa. A bar aisin da wuta da kafasitoci kaɗai, ba a jona komai ba. Ƙafa ta 2 ta nuna kusan bolt 9, ta 6 ta nuna kusan 9 nagatif. In haka ta samu, zuciyar aisin lafiya take. Sannan a haɗa ƙafa ta 13 da ta 14 da guntuwar waya, maikirokwantirola ta aika harafi. In ya dawo mata yadda ya tafi, ƙofofin ma lafiya suke. Wanda ba shi da na'urar ganin zubin wuta zai iya sa maikirokwantirola ta yi ta aika babban harafin U ba tsayawa. Bit ɗin wannan harafi 1 da 0 ne a jere bi da bi, don haka mita za ta nuna kusan bolt 2.5 a ƙafa ta 11, kusan sifili a ta 14.

Wani kuskuren da ake ɗora wa jabu shi ne haɗa MAX232 da allo mai bolt 3.3. In aka ba shi bolt 5 yadda yake so, ƙafarsa ta 12 za ta watsa wa ESP32 bolt 5, alhali iyakarsa 3.6. In aka ba shi 3.3 don a lallaɓa, bai samu abin da zai ninka ba, tunda daga 4.5 zuwa 5.5 aka yi shi. Maganin shi ne MAX3232, mai aiki daga bolt 3 zuwa 5.5, jerin ƙafafunsa iri ɗaya, da kafasita 0.1 in ana kan 3.3. A nan kafasitar ƙafa ta 2 giraun take zuwa a zanen kamfani. Shi kuma yana da nasa sharaɗin: ƙofar aikawa da ba a amfani da ita, ƙafa ta 10, ba a barin ta a sake, a ɗaure ta da giraun ko da wuta. MAX232 na Maxim yana da rasista a ciki da ke yin wannan aikin, MAX3232 ba shi da ita.

Hukuncina a wannan gardama shi ne, jabu na nan, amma ba a kiran aisi jabu sai an yi waɗancan awo biyun. Ɗalibin da ya sayi na uku bai taɓa ɗora mita a ƙafa ta 6 ba, kuɗin makarantarsa yake ƙonawa.

In haɗi ya yi amma haruffa sun rikice

MAX232 bai san abin da ke wucewa ta cikinsa ba, wuta kawai yake juyawa. Saurin magana, wanda ake aunawa da bod, tsakanin na'urorin biyu ne. A bod 9600, kowane bit na ɗaukar kusan maikirosakan 104, kowane harafi bit 10 ne in an haɗa da na farawa da na tsayawa, wato haruffa 960 a daƙiƙa. Babu wayar agogo a tsakani, kowa da nasa yake ƙirga, don haka in saɓanin ya kai kashi 4 ko 5 cikin ɗari, kafin a kai bit na ƙarshe lissafi ya goce.

Wannan ne sirrin kiristal mai lamba 11.0592 da ake gani a allunan 8051, wato agogon maikirokwantirola mai bugawa sau 11,059,200 a daƙiƙa. A raba 11,059,200 da 12, a sake rabawa da 32, a samu 28,800, wanda in an raba shi uku ya ba da 9600 ba ragowa. Wanda ya ce ai kiristal 12 ya fi kusa da hannu, lissafinsa zai ba shi 10,417, kuskuren fiye da kashi 8 cikin ɗari. Zai kwana yana sauya kafasita alhali matsalar ba a can take ba.

Masu cewa zamaninsa ya wuce

Akwai masu ganin koyar da MAX232 ɓata lokaci ne, tunda laftof na yanzu ba su da soket ɗin DB9. Ta wani ɓangaren suna da gaskiya. In buƙatar ita ce maikirokwantirola ta yi magana da laftof, ɗan allon USB mai CH340 ko CP2102 ya isa, domin shi da wutar maikirokwantirola yake magana. Haka in za a haɗa ta da yawancin ƙananan allunan GPS ko na Bluetooth. Cusa MAX232 a irin wannan wuri ɓarna ce. Akwai ɗaliban da ke sayen kebul ɗin USB mai kan DB9, wanda a cikinsa an riga an ɗaga wutar zuwa RS-232, sannan su sa MAX232 ya sauko da ita. Yana aiki, amma zagaye ne.

Wasu kuma na bin gajeriyar hanya, su sa rasista da taransista ɗaya ko biyu su juya saƙon. Yakan yi a gajeriyar waya, saboda yawancin masu karɓa na zamani suna ɗaukar sifili a matsayin nagatif. A teburin gwaji ba laifi. A kayan da za a kafa wa mutum a karɓi kuɗinsa, ban yarda da shi ba.

Inda masu wannan ra'ayi suka yi nisa shi ne mantawa da cewa kayan aiki ba sa tsufa da saurin laftof. Sikelin awon kaya, firintar rasit, allon sarrafa babban janareta, ramin saita na'urorin Cisco, duk har gobe RS-232 suke ji.

Abin da ya shafi mai inbata

Inbatoci da yawa a kasuwarmu suna bin tsarin kamfanin Voltronic na Taiwan, masu magana da RS-232 a bod 2400. Ramin nasu sau da yawa irin na kebul ɗin intanet ne mai ƙafa takwas, ba DB9 ba, kuma kamannin ne kawai, ba intanet ba ne. Jerin ƙafafun ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu ma suna fitar da wuta wajen bolt 12 a ɗaya daga ciki don ciyar da na'urar Wi-Fi ta kamfanin. Wani ramin mai kama da shi kuma na RS-485 ne ko CAN, na magana da batirin lithium, wanda MAX232 ba ya jin yarensa sam. Mai gidan da za a yi wa irin wannan aiki yana da haƙƙin ya ce a nuna masa shafin littafin inbatar da ya bayyana ramin, ya kuma ga an auna kafin a jona. Allon ESP32 in ya ƙone asarar kaɗan ce, amma in allon sadarwar inbata ne ya tafi, gyaran na da tsada, kuma mai sayarwa na iya cewa garanti ya faɗi tunda an jona abin da ba nasu ba.

Yanayin Jos ma na da nasa rabon. A hunturu iska kan bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi, kuma irin wannan tartsatsin na kashe ƙafar aisi. Nau'in da ke da harafin E a ƙarshe, kamar MAX3232E, an yi shi da kariyar da ta kai bolt 15,000 a ƙafafun waje. Da damina kuma ga tsawa. RS-232 an tsara shi ne don tazarar da ba ta wuce kimanin mita 15 ba, kuma giraun ɗinsa yana ɗaure na'urori biyun kai tsaye. In inbata tana ɗakin baya, ana son bayanin ya isa shago a bakin titi, a ajiye allon kusa da inbatar ya tura ta Wi-Fi, ko a koma RS-485 da aisi irin MAX485, wanda ke kai saƙo har mita 1,200 a kan waya biyu murɗaɗɗu.